Kadiri Tafinta da Sunan da Zainabu Ta Kasa Faɗa

Da an sallame sallar asuba, Kadiri ba ya komawa shimfiɗa. Yakan jawo buzunsa zuwa bakin zaure, ya ajiye basilla da tsinken fata da ƙwaryar ruwa, ya ɗauko salkar da wani matafiyi ya bar masa jiya, ya hura ta har ta kumbura, sannan ya riƙa zagaya ta kusa da kuncinsa yana neman inda iska ke fita. Da can da kunne yake gano hujin, yanzu sai da fatar fuska. Kafin ya ɗinke na farko, Bafillatanar da ke kawo nono unguwar ta iso, ya tare ta da Fillanci, su yi ta ciniki kamar da gaske, alhali shekara goma ke nan ludayi biyu yake saye ba ƙari ba ragi. In ranar kasuwa ce, sai Buzaye su durƙusar da raƙumansu a ƙofarsa, ya gaishe su da harshensu, ya tambayi rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya kamar yana tambayar dangi.

Baduku ne, mai gyaran salka da guga, kuma shi ne tafintan Matamaye tun shekarun da Nasara suka fara zuwa mana rangadi. Watan jiya ya ɗauki sandarsa ya je wurin mai unguwa, ya ce a nemi wani.

"Kunnena ya yi nauyi," in ji shi. "Tafintan da bai ji sosai ba, da nasa bakin zai cike gurbin. Ni kuwa ban taɓa cikewa ba, ba zan fara da furfura ba."

Ba a buga ganga ba, ba a yi taro ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na san sunan tafinta ba shi da daɗi a bakin mutane, kuma ba a banza ba, don mun ga waɗanda suka shiga tsakanin talaka da Nasara da riga ɗaya suka fito da soro. Zauren Kadiri har gobe in an yi ruwan sama sai an tara ƙwarya. Akwai kuma mutum a garin nan, Illa ɗan Zainabu, wanda da ba don Kadiri ba da an kora shi arewa da igiya a ƙugu, kuma ba mai cewa da ya dawo. Zan zo kan wannan, amma sai an fara sanin mutumin.

Ba a makaranta ya samo harsunansa ba. Barbarci a cinyar kakarsa ya sha shi, Larabci wurin malam da kuma fataken Zangon Damagaram, Buzanci da Fillanci a bakin aikinsa, don mai jiran a ɗinke masa salka ba shi da abin yi sai hira. Faransanci ne ya saya da tsada. Yana saurayi aka kama shi cikin masu ɗaukar kayan sojan Nasara, ya yi shekara biyu da akwati a ka. Ya ce abin da ya fara koya shi ne "tashi" da "yi sauri", sai daga baya ya gano ashe mutanen nan ma suna da kalmar gajiya da ta kewar gida.

Da hantsi masu son koyo ke zuwa zaurensa, kuma in kana son sanin inda duniya ta dosa, zauna ka ji abin da suke roƙo. Kadiri ya ce a zamanin ƙuruciyarsa Larabci ake nema don lahira, Barbarci don a samu shiga wurin manya. Yau in mutum goma suka yi sallama, shida Faransanci suke so, don sun ga gardi, dogarin Nasara, da jar hula da bulala, ko sun ji labarin lakwal, makarantar Nasara ta Damagaram. Biyu ko uku Turancin Ingila, saboda masu sayen gyaɗa na wajen Kano. Larabci yana nan da mutanensa, ba ya rasa masu nema. Fillanci kuwa ba wanda ya taɓa zuwa nema, ko da yake kowa da nonon Fillani yake dama furarsa.

Muntaka mai goro ya ba ni labarin ranar da ya je. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya tsuguna ya ce, "Baba Kadiri, Faransanci nake so, na kwana arba'in, wanda zai ishe ni."

"Ya ishe ka me?"

"In yi magana su ji."

"To, kai ka iya jin su? Gobe kasuwa. Je ka zauna kusa da Buzayen can tun safe har la'asar, kada ka ce uffan. Ka zo ka gaya mini yadda suke gaisawa, da abin da ke ba su dariya, da abin da ke sa su sunkuyar da kai."

"Baba, ai ba Buzanci na ce ba."

"Na ji. Kunnen da zai ji Nasara a jikin Buzu ake wasa shi."

Muntaka ya ce ya yi rabin yini ya gudu, kuma ba shi kaɗai ba. Mafi yawansu so suke a zuba musu harshe a aljihu kamar goro, su tafi suna ɓarawa. Waɗanda suka jure kuwa, ko ba su fito da Faransanci mai yawa ba, sun fito da ladabin sauraro.

Yana da wata al'ada a wurin aiki wadda duk garin ya sani. In yana ɗaukar maganar wani zuwa wani, a tsakiya yake tsayawa, hannuwansa a baya, ya faɗi abin da aka faɗa ko zagi ne ko roƙo, ba ya sa masa gishiri, ba ya rage masa yaji. In kuma nasa ra'ayin zai faɗa, sai ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce da harsunan biyu, "Wannan nawa ne." An sha jin haushinsa kan haka. Manu mai kanwa, wanda ya taɓa zagin wani Nasara a gabansa yana zaton za a rufa masa asiri, ya yi wata uku ba ya gaishe shi. Shi Manun ne kuma yau ya fi kowa ba da labarin Illa, don yana tsaye a wurin.

A shekarar da aka yi ta neman masu ɗaukar kaya zuwa arewa cikin hamada abin ya faru. Waɗanda aka ɗiba kafin nan ba duka suka dawo ba, waɗanda suka dawo ma ƙafafunsu sun isa shaida. Matamaye ta riga ta ba da rabonta, don haka aka ce ba za a ƙara taɓa ɗan gari ba, sai baƙon da ba shi da gida. Gardi suka tsare hanyar da ta fito daga kudu, suka kama mutum bakwai masu dawowa daga ci-rani, aka zaunar da su a gindin tsamiyar bakin kasuwa da igiya ɗaya. Da la'asar za a wuce da su.

Illa na cikinsu. Shi ne ɗan farin Zainabu, kuma kamar yadda aka saba, tun da aka yaye shi wan ubansa ya ɗauke shi zuwa Kurni, can ya girma. Uban ya rasu, wan uban ma ya rasu, saura Zainabu da 'yan mata biyu da gonar da ba mai nome ta. Hanyar gidanta ya nufa aka kama shi. Mutane suka taso suna rantsuwa ɗan gari ne, amma Nasaran da ya zo rangadin ya ɗaga hannu. Ya ce a kowane gari ya je, duk wanda aka kama sai ya tashi da kawu ashirin. Uwa ko uba kaɗai zai saurara, su faɗa da bakinsu.

Aka aika aka kira Zainabu. Ta zo da ƙwaryar ruwa a ka, don ta ji an ce tun safe ba a ba su ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana miƙawa, tana cewa "sannu, ɗan nan, daga wane gari?" har mutum shida. Da ta zo kan Illa sai ta kawar da fuska, ta miƙa wa na kusa da shi ƙwaryar don ya ba shi, ta koma gefe ta durƙusa. Nasara na zaune a kujerarsa yana kallo, littafi a cinya.

Kadiri ya tsaya a tsakiya, hannuwa a baya.

"Zainabu, Kumandan ya ce, wancan na ƙarshen igiya ɗanki ne?"

Ta dubi ƙasa. "Na gidanmu ne."

Ya juya ya faɗa da Faransanci yadda ta faɗa. Nasara ya ce ba gida ya tambaya ba.

"Ya ce, ke kika haife shi?"

"Ɗan wan mai gidana ne, na Kurni. Shi ya riƙe shi."

A kunnen duk wanda ke wurin ta gama magana, don mace mai kunya ba ta da wata hanyar cewa nawa ne da ta wuce wannan. Ita ma a zatonta ta gama. Kadiri kaɗai ya san yadda maganar za ta sauka a ɗaya ɓangaren, kuma ya ce a ransa bai taɓa jin nauyin aikinsa kamar a lokacin ba. Kalma ɗaya ce zai canja, ba kuma mai kama shi. Ya dubi yaron, ya ga ƙafafunsa, ya tuna nasa a shekarun akwati. Sannan ya faɗi abin da ta ce, ba ƙari.

Nasara ya rufe littafi ya sake buɗewa. Ya ce tambaya ɗaya ta rage, ta faɗi sunansa.

Kadiri ya sassauta murya. "Zainabu, sunansa yake so ki faɗa. In ba ki faɗa ba, da la'asar za a tafi da shi."

Sai a lokacin ta gane. Manu ya ce ya ga bakinta ya buɗe, ta rufe ta sake buɗewa, ba abin da ya fito. Shekara ashirin da biyu sunan nan bai taɓa bi ta harshenta ba, ko a ɗaki ita kaɗai, ga kuma rabin kasuwa a tsaye a kanta, har da dangin mijinta. Hawaye suka zubo mata, ta ja gyale ta rufe fuska. Illa ya sunkuyar da kai, bai ce "Inna, faɗa mana" ba, don shi ma ɗan garin nan ne.

Nasara ya miƙe. Ya ce matar ba ta san sunansa ba, ta ce ɗan wani ne, kuma da idonsa ya ga ta ba kowa ruwa ta tsallake shi. Magana ta ƙare.

Kadiri ya mayar wa jama'a da wannan ma, kalma bayan kalma. Sannan ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Wannan nawa ne, Kumandan. Duk abin da ka gani gaskiya ne, kuma shi ne shaidar ita ta haife shi. A ƙasar nan mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Kunya muke ce masa. Da ba ɗanta ba ne, da ta kira sunansa tun daga bakin kasuwa."

Nasara ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ya yi shekaru a ƙasar baƙar fata, ya san tafinta in an cika masa hannu har al'ada yana iya ƙerawa nan take.

"Ka taɓa kama ni da ƙari ko ragi?"

Nasara ya ce bai taɓa ba, amma komai da ranar farawarsa.

"To, kada ka yarda da ni. Zan koya maka tambayar da Hausa. Ka shiga can ƙarshen kasuwa inda ba a ji abin da ake yi a nan ba, ka zaɓo mata uku da kanka, ka tambaye su da bakinka, ni zan juya baya. In ɗaya ta faɗa, ka ƙara ni a igiyar. Na san hanyar, na taɓa bin ta."

Gani ya kori ji. Nasara ya zauna, ya buɗe littafi, Kadiri na faɗa yana rubutawa da baƙaƙensu, yana maimaitawa, ana gyara masa, kamar kowane ɗalibi a zauren baduku. Ya shiga kasuwa ya nuna mata uku da sandarsa, aka zo da su. Kadiri ya fuskanci tsamiya.

Ta farko mai daddawa ce, sunanta Shekara, tsohuwa wadda bakinta ba ya da linzami. Nasara ya duba littafi ya karanto da Hausarsa mai karkata, yana tambayar sunayen 'ya'yanta. Ta lissafo biyar, har da wanda ya fi rashin ji. Ya sake dubawa ya ce, "Na fari?"

Shekara ta dafe baki, ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga murya wajen tsamiya. "Kadiri, wannan baƙon naka ba shi da uwa ne a garinsu? Ko ba ta koya masa abin da ake tambayar mace ba?"

Nasara ya ce me ta ce. Kadiri ya dawo tsakiya, ya mayar da hannuwa baya, ya faɗa masa duka. Fuskar mutumin ta yi ja har kunnuwa, sai kuma ya ce a ci gaba. Ta biyu ta ce, "Wancan ai na kakarsa ne," ta ƙi ƙarawa. Ta uku, wadda goyonta na fari ke bayanta, da jin tambayar ta bar ƙwaryarta a wurin ta ruga.

Nasara ya daɗe yana kallon Zainabu, wadda har lokacin fuskarta na kallon inda Illa ba ya nan. Ya tambayi Kadiri, cikin bakwai ɗin nan wa ta ƙi kallo, sai kuma ya ɗaga hannu ya ce ba sai an amsa ba. Ya ce a kwance na ƙarshe.

Sauran shida an tafi da su da la'asar. Huɗu sun dawo. In ka yabi Kadiri kan wannan rana, sunayen biyun da ba su dawo ba yake fara jero maka, ya ce su ba wanda ya tsaya musu. Ina faɗin wannan don kada a ce na yi masa kwalliyar da shi kansa ba zai karɓa ba.

Da aka kwance Illa ya miƙe yana murza ƙugunsa, bai san inda zai sa kansa ba. Zainabu ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta zo kusa da Kadiri ta rusuna, idonta a ƙasa.

"Malam, Allah ya biya ka. Wallahi na nema, ya ƙi fitowa. Da sai dai in bi su a baya."

"Ya wuce, Zainabu."

Yaron na tsaye bai fi taki uku daga inda take ba. Ta ce, "Ka gaya wa wancan, akwai tuwo a gida. Kada ya tsaya surutu a hanya."

Kadiri, mai harshe shida, ya shiga tsakanin uwa da ɗa, ya mayar da hannuwa baya, ya ɗauki Hausa ya kai wa Hausa. "Ta ce akwai tuwo a gida, kada ka tsaya surutu a hanya." Ta yi gaba, Illa ya bi ta a baya da 'yar tazara, har suka shige lungu ba ta waiwayo ba. Manu ya ce shi da ya yi wata uku yana gaba da mutumin, a ranar ya je ya kama hannunsa.

Kai ne, Kadiri, amintaccen tsakani. Kai ne ka ga ƙarya a kusa, mai sauƙi, mai kama da taimako, ka bar ta ka bi doguwar hanya, don ka san ranar da ka ƙara kalma ɗaya, gobe ba talakan da za a sake yarda da bakinsa a gindin tsamiyar nan. Ba ka tilasta wa mace ta tuɓe kunyarta a kasuwa ba, ba ka kuma bar baƙo cikin rashin saninsa ba. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma ba ni jin nauyin faɗa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma samarin da ke rububin Faransanci da Turancin Ingila, ku koya, ba wanda ya hana ku, duniya ta juya can. Amma ku je zauren nan tun mai shi yana zaune a bakinsa, ku jure zaman kasuwar da zai aike ku. Duk harshen da kuka zaɓa, wata rana za a tsayar da ku tsakanin mai iko da wanda bakinsa ya ƙi buɗewa, kuma abin da kuka sani na mutanen biyu ne zai yi aiki a ranar.

Zainabu ta tsufa, jikokinta bakwai daga ɗakin Illa. Na je gaishe ta kafin in rubuta wannan, na tambaye ta ko ta yarda in sa labarin. Ta ce in sa, amma in na zo karantawa a gabanta in tsallake wurin da sunan yake. Har yau sunan bai fita daga bakinta ba, mai sunan kuwa na bar shi a gonarta yana huɗa.